Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Tsara Manhaja da Hukumomin Jarrabawa: Ku Bar wa Yara Littafi Sukutum

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban-girma da fatan alheri. Ni malamin harshe da adabi ne a makarantar sakandare, kuma abin da kuka zauna kuka rubuta a takardun manhaja shi nake ɗauka in shiga aji da shi kowace safiya. Ku ne ke yanke abin da yaro zai karanta, tun daga ranar da ya iya haɗa baƙi da wasali har ranar da zai ajiye alƙalami a jarrabawar fita. Don haka na ga ya dace ku ji ta bakin wanda ke tsaye a gaban allo kan muhawarar da ta daɗe tana kai-komo a tsakaninku: ƙagaggun labarai ne suka fi cancantar lokacin ɗalibi, ko kuwa rubutun bayani, irin su tarihi da kimiyya da rahotanni da muƙalu?

Bari in faɗi inda na tsaya tun da wuri. Cewa yaro na buƙatar duka biyun magana ce da babu mai musu a kanta, kuma faɗinta bai taɓa warware komai ba. Abin da ke damuna shi ne duk sanda aka ce a ƙara rubutun bayani, daga darasin harshe ake gutsuro lokacin, kuma ƙagaggen labari ake turawa gefe. Alhali darasin harshe kaɗai ne mazaunin labari a jadawalin mako. Rubutun bayani kuwa yana da darasin kimiyya, yana da na tarihi, da labarin ƙasa, da tattalin arziki. Sai dai a waɗannan darussa ba a karanta shi. Kwafe shi ake yi daga allo zuwa littafin rubutu, a haddace, a juye ranar jarrabawa, a manta. Wanda ya ga yara ba su iya karanta bayani ba, ya je ya rage musu labari, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Ba na raina hujjar masu kiran a ƙara rubutun bayani, domin na ga gaskiyarta da idona. A shekarar 2000 wata mai bincike a Amurka, Nell Duke, ta wallafa abin da ta gani a azuzuwa 20 na 'yan aji ɗaya na firamare a yankin Boston. Ta tarar a matsakaici minti 3.6 kacal ake yi a rana kan rubutun bayani, a makarantun 'ya'yan talakawa ma abin bai kai minti 2 ba. Yaran nan su ne za su isa aji huɗu a miƙa musu littafin kimiyya a ce su karanta su fahimta. Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard ta daɗe da lura cewa a daidai wannan aji ne yara da yawa, musamman marasa galihu, ke fara zamewa baya. Da can koyon karatu suke yi, yanzu kuma da karatun za su nemi ilimi. Kalmomi sun ƙara tsauri, jimloli sun ƙara tsawo, kuma babu tauraron labari da zai ja su zuwa ƙarshen shafi.

Akwai kuma gwajin Donna Recht da Lauren Leslie na 1988, wanda ya kamata kowane mai tsara manhaja ya san shi. Sun ɗauki yara 64 'yan ƙaramar sakandare, suka ba su bayanin wani yanki na wasan besbol, wasan ƙwallo da sanda da Amurkawa ke ji da shi, suka ce su karanta su nuna abin da ya faru. Yaran da karatunsu ke da rauni amma sun san wasan sun fi waɗanda suka ƙware a karatu amma ba su san shi ba. Wato fahimtar rubutu tana hawa ne kan abin da mai karatu ya riga ya sani game da duniya. Yaron da bai taɓa jin yadda jini ke zagaya jiki ba, ko me ke kawo husufin wata, ko yadda majalisa ke kafa doka, zai yi ta tuntuɓe a duk rubutun da ya ɗauka kowa ya san waɗannan. Ɗan gidan masu ilimi yana tsintar irin wannan sani a hirar iyayensa. Wanda ba haka gidansu yake ba, in makaranta ba ta ba shi ba, babu inda zai samu.

Ga kuma zamanin da muke ciki. A 2016 masu bincike na Jami'ar Stanford ƙarƙashin Sam Wineburg sun gwada dubban ɗalibai, suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare sun ɗauki tallar da aka yi wa shigar labari a shafin intanet a matsayin labarin gaskiya, duk da an rubuta a jikinta cewa biya aka yi aka sa ta. Duk wanda ya ga haka ya ce a koya wa yara karanta hujja da auna ta, ina bayansa.

A wajen magani ne muka rabu. A 2010 aka fitar da ma'aunin karatu na bai-ɗaya a Amurka, wanda ake kira Common Core, jihohi fiye da 40 suka karɓe shi. Ya ce abin da ɗalibi ke karantawa ya zama rabi labari rabi bayani a aji huɗu, bayani ya kai kashi 55 a aji takwas, kashi 70 a shekarar ƙarshe ta sakandare. Masu tsara shi sun rubuta a ɗan sharhin ƙasan shafi cewa wannan lissafi na dukkan darussan yini ne, ba na darasin Turanci kaɗai ba. To amma lamba ta fi sharhi amo. Shugabannin makarantu da dama suka ga 70, suka juya kan malamin harshe, tunda shi suka sani da aikin karatu. Kafin ƙarshen 2012 jaridun ƙasar na ɗauke da koken malamai cewa an sa su cire waƙoƙi da labarai don a samar wa rahotanni wuri, har David Coleman, ɗaya daga jagororin da suka rubuta ma'aunin, ya fito yana cewa ba a fahimce su ba ne. Na yarda ba haka suka nufa ba. Amma wanda ya daɗe a makaranta ya san cewa umarni in ya sauko daga sama, kan wanda ba zai iya turjewa ba yake faɗawa, kuma malamin kimiyya mai manhaja cike maƙil ba zai tashi ya ce a ƙara masa aiki ba.

To me labari ke yi wa ɗalibi da har nake tsaya masa haka? Ba zan jingina da hujjar da aka fi yayatawa ba. A 2013 mujallar Science ta buga binciken David Kidd da Emanuele Castano da ke cewa karanta ɗan guntun adabi na 'yan mintuna na ƙara wa mutum iya gane abin da ke zuciyar wasu. Maganar ta yi wa malaman adabi daɗi, aka yi ta yaɗa ta. Da wasu masu bincike suka sake gwajin a 2016, ba su sami wannan sakamako ba. Duk wanda ya zo muku da alkawarin cewa labari zai mai da yara mutanen kirki cikin zango ɗaya, ya ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa ba.

Hujjar da ta fi ƙwari ta karatun kansa ce. John Jerrim da Gemma Moss na jami'ar UCL da ke Landan sun duba bayanan jarrabawar PISA ta 2009, wadda ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, OECD, ke shirya wa 'yan shekara 15, bayanan matasa sama da 250,000 a ƙasashe 35, suka wallafa sakamakon a 2019. Matasan da ke yawan karanta ƙagaggun labarai sun fi takwarorinsu maki a fahimtar karatu da tazara mai yawa, ko bayan an cire tasirin arzikin gida. Ba a ga irin wannan tazara ba ga masu yawan karanta jarida ko mujalla ko littattafan bayani. Gaskiya ne irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa labarin ne ya jawo ƙwarewar, tana yiwuwa ƙwararrun ne ke son labari tun asali. Amma ku lura, mafi yawan rubutun da ke cikin jarrabawar da aka auna su da ita bayani ne da jadawali da sanarwa da hujja. Masu karatun labari sun yi fice a filin da ake cewa ba nasu ba ne.

Ni ban yi mamaki ba, domin ina ganin dalilin a aji. Dogon labari ne rubutun da ɗan shekara 13 zai fi yarda ya zauna da shi shafi 200 ba tare da an tsaya a kansa ba. A wannan zama yana riƙe sunayen mutane goma a ka, yana tuna alkawarin da aka ɗauka a babi na biyu sanda aka karya shi a babi na sha ɗaya, yana cin karo da kalmomin da ba a faɗa a hirar yau da kullum, kuma yana cike giɓin da marubuci ya bari da gangan. Marubucin bayani nagari ƙoƙarinsa kada ya bar giɓi. Marubucin labari nagari kuwa ya san inda zai yi shiru. Zai ce matar ta ninke wasiƙar, ta tashi ta rufe taga, ta ce wa ɗanta ya je ya kwanta. Bai ce ranta ya ɓaci ba, bai faɗi abin da ke cikin wasiƙar ba. Mai karatu ne zai haɗa wannan da kansa, kuma a yawan yin haka ne ƙwaƙwalwa ke horuwa.

Akwai wani labari da nake karantawa da 'yan aji na tsakiya, wanda tauraronsa ne ke ba da shi da bakinsa. Mutum ne mai daɗin baki, yana bayyana yadda ya riƙe dukiyar marayun ɗan'uwansa, kowane shafi yana nuna irin wahalar da ya sha a kansu. Yara sukan so shi da farko. Wata rana muna tsakiyar littafin, wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mutumin nan fa ƙarya yake mana." Na ce ta kawo hujja. Ta koma baya tana juya shafuka, yatsanta na bin layi, har ta samo inda ya ce ya sayar da gonar ne don biyan kuɗin makarantar yaran. Sannan ta dawo inda ya ambata, a cikin wata maganar daban, cewa babban yaron bai taɓa shiga aji ba. Aji ya kaure. Wasu suka ce mantuwar marubuci ce, wasu suka ce da gangan ne, wani yaro ya ce ai shi mutumin ma ya gaskata ƙaryarsa, shi ya sa ba ya jin kunya. Aka kaɗa ƙararrawa ba a gama ba, suka fita suna musu har baranda.

Ku dubi abin da yarinyar nan ta yi. Ta ƙi yarda da mai magana don kawai shi ke riƙe da zancen, ta gwada maganarsa ta farko da ta baya, ta tambayi kanta me zai samu in aka gaskata shi. Wannan shi ne abin da masu binciken Stanford suka nema a wurin ɗalibai suka rasa. Ita kuwa ta koye shi a cikin labarin da kowa ya san ƙirƙirarsa aka yi, inda babu wanda zai ji an taɓa jam'iyyarsa ko addininsa ko ƙabilarsa, saboda haka hankali ya sami sararin yin aiki.

Akwai wani abu kuma da ba ya shiga ma'auni. Matashi ba zai tashi a gaban sa'o'insa ya ce yana jin kunyar talaucin gidansu ba, ko yana kishin ƙaninsa, ko yana tsoron mahaifinsa. Amma zai yi dogon bayani a kan yaron cikin labari da ke jin haka, kuma malamin da ke saurare ya san da wa ake. Wanda zai riƙe amana, ya shugabanci mutane, ya yi rashi, yana buƙatar ya taɓa zagaya waɗannan a zuci kafin su same shi. Mutanen da sun san haka. Labaran dabbobin nan da suka taso daga Indiya, suka bi ta Farisa, Ibnul Muƙaffa ya mai da su Larabci a ƙarni na 8 da sunan Kalila wa Dimna, an tsara su ne don koya wa masu mulki da 'ya'yansu yadda ake riƙe jama'a. Masu hikimar da suka tsara su na iya jero dokoki, amma suka zaɓi zaki da sa da dila.

Yanzu bari in zo kan abin da nake ganin ya fi wannan muhawara nauyi, wanda kuma a hannunku yake kai tsaye. Abin da ke kashe karatu a makarantu, na labari da na bayani duka, shi ne tsakure. Jarrabawa na kawo sakin layi uku da tambayoyin canki-canka biyar, saboda haka littafin aji ma sakin layi uku ne da tambayoyi biyar, malami ma ya bi sahu. Yaro zai gama sakandare yana tsallake daga guntu zuwa guntu, yau rabin shafi kan dutse mai aman wuta, gobe rabin shafi daga tsakiyar wani labari da bai san farkonsa ba kuma ba zai taɓa jin ƙarshensa ba. Ko inda kuka wajabta littafi sukutum, kasuwa ta riga ta cika da 'yan takardun taƙaitawa: ga jigo, ga taurari, ga salo, ga amsoshin tambayoyin shekarun baya. Na sha duba takardar ɗalibin da ya jero jigogi daidai yadda ake so, ya ci maki mai kyau, amma da na tambaye shi yadda labarin ya ƙare sai ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba. Ya duba abin da ake ba maki ne ya kawo shi.

Gwajin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa an yi shi ne a kudancin Ingila. Jo Westbrook da abokan aikinta na Jami'ar Sussex sun sa malamai 20 su ajiye tsarin da suka saba na tsayawa kowane shafi ana fiɗa, su karanta dogayen labarai biyu masu ɗan wuya, ɗaya bayan ɗaya, cikin mako 12, tare da ɗalibai 365 'yan shekara 12 zuwa 13. A gwajin fahimta da aka yi bayan nan, ɗaliban sun ci gaba da kimanin wata 8 da rabi a matsakaici, masu raunin karatu kuwa wata 16. Gwaji ne ƙarami, kuma ba a ware wani rukuni a tsohon tsari don kwatantawa ba, don haka bai isa a yanke hukunci da shi kaɗai ba. Amma ku dubi su wa suka fi amfana: yaran da muka saba cewa ba za su iya littafi ba, muke ba su guntaye masu sauƙi don tausayi. Wannan tausayin ne ke tsare su a inda suke, kuma abin yana mini ciwo ƙwarai.

Rubutun bayani ma bai tsira daga wannan ba, nasa ya ma fi muni. Abin da muke kira bayani a makaranta galibi littafin darasi ne, wanda kwamiti ya rubuta da muryar da ba ta kowa ba, babu shakka a cikinta, babu gardama, babu alamar cewa wani mutum ne ya sha wuya kafin ya gano abin. Yaro ba zai koyi auna hujja daga rubutun da sakamako kawai yake kawowa ba. Rubutun bayani na gaske yana da mai shi. Rachel Carson ta fitar da littafinta kan illar magungunan ƙwari a 1962, kamfanoni suka yi mata ca, ta tsaya kan hujjojinta, bayan shekara 10 Amurka ta hana amfani da maganin ƙwari na DDT a gonaki. Ɗalibin da ya karanta babi biyu na irin wannan littafi a darasin kimiyya, ya kuma karanta martanin masu sukarta, ya ga yadda ilimi ke fitowa daga gardama. Masanin tarihi Ibnu Khaldun a littafinsa Muƙaddima na 1377 ya ɗauki alƙaluman rundunonin da masana tarihi suka ruwaito kafin shi, ya tambaya ko ƙasar da ake magana za ta iya ɗaukar nauyin wannan adadi, ko filin daga zai ishe su. Shafi biyu na wannan a darasin tarihi sun fi jerin shekarun sarauta da aka haddace amfani.

Na san abin da abokan aikina na kimiyya da tarihi za su ce, domin sun faɗa mini a ɗakin malamai: manhaja ta yi yawa, lokaci bai isa ba, kuma ba a horar da su koyar da karatu ba. Duk gaskiya ne, kuma duk a wuyanku suke. Ku ne kuka cusa wa zango ɗaya batutuwan da suka isa zango biyu. Ku ne ke da ikon cewa kwalejojin horon malamai su koya wa kowane malami yadda ake bi da yara cikin rubutu mai wuya na fanninsa: yadda masanin tarihi ke fara duba wanda ya rubuta takarda da ranar da aka rubuta ta, yadda masanin kimiyya ke kai-komo tsakanin jimla da zane da jadawali. Malamin harshe ba zai koyar da waɗannan da kyau ba, don ba fanninsa ba ne.

Wani zai ce duk wannan gardamar masu littafi ce. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. A ajin da yara da yawa ke raba littafi ɗaya, zaɓin littafin ƙara nauyi yake yi. Ga yaron da ke fama da haɗa kalmomi, son jin abin da zai faru gaba ne ke sa shi juya shafi, kuma wannan bai hana a ba shi ilimi ba. Yadda Edward Jenner ya gwada rigakafin agana a 1796, har aka kai ga shelar kawar da cutar daga duniya a 1980, gaskiya ce tsantsa, kuma labari ne mai farko da tsakiya da ƙarshe. A harsuna da yawa ana samun 'yan littattafan labari na yara, amma littafin da zai gaya wa ɗan shekara 8 da harshen uwarsa yadda hadari ke haɗuwa kusan babu shi. In kuna da kuɗin ƙara rubutun bayani, nan ne wurin kashe shi: ku sa a rubuta, a fassara, a buga.

A kuma bar wa yara ƙofar zaɓi. Akwai yaron da labari bai taɓa burge shi ba, amma ka ba shi littafin injuna ko na macizai, sai dai ka ƙwace da ƙarfi. Shi ma mai karatu ne, kada a sa ya ji nasa ba karatu ba ne.

Abin da nake roƙo bai da yawa. Ku daina aiko mana da kaso cikin ɗari, ku aiko da sunayen littattafai da lokacin karanta su. Ku rubuta a manhaja, da lafazin da ba wanda zai iya karkatarwa, cewa kowane ɗalibi zai karanta aƙalla dogon labari ɗaya sukutum kowane zango, a cikin aji, a lokacin makaranta, kada a mai da shi aikin gida da sai wanda gidansu ke da fitila da natsuwa zai iya yi. Waƙa da wasan kwaikwayo su riƙe wurinsu. Muƙala da jawabi da tarihin rayuwa masu kyan salo muna maraba da su a darasin harshe, dama can namu ne. Sannan ku wajabta wa darasin kimiyya da na tarihi nasu karatun, littafi na gaske mai marubuci ko manyan babobi daga cikinsa, ku rage batutuwa don a sami sararin yin haka.

Ku kuma hukumomin jarrabawa, ku ne kuka fi kowa ƙarfi a wannan lamari, domin abin da kuka tambaya shi ake koyarwa. Muddin ana iya cin takardar adabi da 'yar takardar taƙaitawa, ba za a karanta littafi ba, kome aka rubuta a manhaja. Ku kawo tambayar da sai wanda ya bi labari daga farko har ƙarshe zai iya amsawa: a ba shi wani wuri daga tsakiya, a ce ya nuna abin da ya sauya a halin wannan mutum tsakanin nan da ƙarshe, da hujja daga littafin. A takardar tarihi da ta kimiyya ku ajiye masa rubutu biyu da suka saɓa wa juna kan abu ɗaya, ku ce ya faɗi wanda ya fi gamsar da shi da dalilinsa. Na san duba irin waɗannan amsoshi ya fi tsada, ya fi cin lokaci, yana buƙatar masu dubawa da aka horar, kuma na'ura ba za ta gama muku shi cikin dare ɗaya ba. Ina roƙonku ku sa wannan kuɗi a kasafinku, ku kuma sanar da makarantu shekara biyu kafin sabon salon tambayar ya fara aiki, domin mu sami lokacin sayen littattafai da shirya yaran.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin harshe da adabi